Karen da Na Rataye

Shekara shida na yi ina yi wa wani Balarabe kiwon tumaki a bayan Jidda. Da kyarkeci ya kashe masa uku, sai ya ce ko ya ga gawarsa rataye a bishiyar bakin titi, yadda makiyayan can ke yi, ko ya miƙa ni ga hukuma, tunda ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Kwana biyar ina bin sawu a banza. Sai na kira karen da ke taya ni gadi. Ya zo yana kaɗa wutsiya, na rotsa masa kai da dutse, na rataye shi a bishiyar a matsayin kyarkecin. Da matsiyacin Balaraben ya zo dubawa, ko daga mota bai sauko ba, ya ce, "Halas," wato shi ke nan. Bayan mako kyarkecin ya dawo, babu mai yi masa haushi.