Tabon da Gyara Ya Goge

Shekara ashirin da biyu Gyara ya yi yana gyaran hotuna a wani ɗan shago tsakanin tela da mai sayar da batir. Sunan ma a wurin aikin ya samo shi. Kawo masa hotonka da ƙuraje, gobe ka karɓi fuska sumul kamar ta jariri. Bai taɓa tambayar kowa ko yana so ba, shi a ganinsa taimako ne.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, ofishin wani ɗan takara ya ɗauke shi aiki. Shugabar yaɗa labarai ta ajiye masa hoton mutumin, dattijo mai furfura da tabon ƙuna a haɓa, ta ce, "A rage masa shekara ashirin." Gyara ya rage talatin, don bai iya aiki rabi da rabi ba. Aka lulluɓe bangon gari da fastoci.

Ranar gangami yana tsaye kusa da wata mai kayan miya. Ta dubi fasta, ta dubi dattijon da ke ɗaga hannu a kan mota, ta ce, "Wannan babansa ne? Shi bai samu zuwa ba?" Kafin mako maganar ta zagaye ƙasa, 'yan adawa suka mayar da ita waƙa. Aka sha kaye. A taron bita kowa ya ɗora wa rediyo da ruwan sama laifi.

Tun daga nan zama ya gagare shi. Ya buɗe shago ya rufe, ya kunna kwamfuta ya kashe. Ba ɗan takarar ne ke cin ransa ba, hoton mahaifinsa ne, guda ɗaya tak da marigayin ya bari. Tun yana sabon hannu ya goge masa tabon gira, ya sa a firam, ya yar da na asalin. Innarsa ta karɓa ta yi godiya, ta kai shi ƙasan akwati. Ba ta taɓa rataye shi ba.

Ya buɗe kwafin hoton da ke kwamfutarsa zai mayar da tabon. Ya zana a hagu, ya goge. Ya zana a dama, ya goge. Tsoro ya kama shi, don ya gane fuskar da yake tunawa yanzu ita ce wadda ya ƙera da hannunsa.

Da rana tsaka ya koma gida, ya tarar da innarsa tana shara.

"Inna, tabon Baba a wane gefe yake?"

Ta ɗago ta dube shi. "Sai yau ka tambaya?"

"Na manta ne, Inna."

Ta jingine tsintsiyar, ta dafa girarsa ta hagu da babban yatsa, ta ja a hankali zuwa wajen kunne.

"Nan ne. Ƙofar mota ce ta buge shi, yana sauri ya kai ni asibiti ranar da zan haife ka."