Azurfar da Attahiru Bai Narka Ba

Shekara arba'in Attahiru maƙerin azurfa ya yi a kasuwar Tambuwal yana narka tsofaffin kuɗi yana ƙera zobba. Gwani ne, amma akwai zafin zuciya. Shekara tara ba ya ga maciji da ƙaninsa Dogo na Jabo a kan iyakar gona.

Wata ranar kasuwa Mu'minatu, wata tsohuwa daga Kebbe, ta miƙa masa wani ɗan kuɗin azurfa da ya yi baƙi ƙirin, wanda kakanta ya zo da shi daga aikin hajji da ƙafa.

Ta ce, "Malam, zobe nika so da wanga."

Shi kuwa ba ya sa komai a wuta sai ya wanke shi da lemun tsami da toka. Yana gogewa sai ga kan wani sarki, a baya kuma hannu biyu suna musabaha. Wani malamin makaranta da ke jiran aikinsa ya bincika a waya, ya ce kuɗin Rumawa ne, sun kusa shekara dubu biyu, hannuwan kuma alamar sulhu ne.

Attahiru ya daɗe yana kallo. Duk wannan zamani hannuwan ba su saki juna ba! Ya mayar wa tsohuwar da abinta, ya ƙera mata zobe da tasa azurfar. Da la'asar ya hau babur sai Jabo, ƙofar gidan Dogo.

Har yau in an tambaye shi aikin da ya fi alfahari da shi, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, wanda ban narka ba."