Kogin da Na Saya a Salula

Ni ce na fara saye, kuma har yau ban ba kowa haƙuri ba. Wanda ya ga dama ya ce mai garin tattasai ta zubar da kuɗin cefanenta a kan kogin ƙarya. Na ji, ai a kunnena aka faɗa, ba sau ɗaya ba.

Rumfata tana cikin kasuwar Difa, layin masu kayan miya. Busasshen tattasai nake saye, in kai a niƙa, in auna wa mata a tiya. Tsakanin azahar da la'asar kasuwa takan mutu, a nan nake goge hannu a zane in ciro salula in duba garina. Wasa ne na gina gari: ka share fili, ka yi gona, ka tara itace da dutse, ka ɗaga ganuwa, ka horar da mayaƙa. Mutum ɗaya ba ya kai labari a ciki, sai an ƙulla ƙawance, kowa ya tsare wa ɗan'uwansa ƙofa. Namu ƙawancen ba mu kai ashirin ba, kuma yawancinmu ƴan ƙauye ɗaya ne na bakin kogin Komadugu, waɗanda gudun hijira da ambaliya suka watsa. Wasu suna Gagamari, wasu nan cikin gari. Ɗaya ma malamin lakwal ne, makarantar boko, Bafillace, a Fulatari, wanda ya shigo ta hannun wani. Saboda shi muke yin Hausa a zauren saƙonninmu na waya maimakon Kanuri.

Yayana ma yana ciki, kuma shi ne dalilin da ya sa mace mai jikoki kamata take zama tana tara dutsen ƙarya.

Shi ya riƙe gonar tattasan babanmu a bakin kogi. Shi ya iya jinga, tudun ƙasa da buhunan rairai da ake yi don tare ruwa, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kiransa. Shekarar da ruwa ya yi yawa, jingarsa ta fashe ana saura ƴan kwanaki a fara tsinka. Tattasai ya yi jajir, ruwa ya zo ya kwanta a kai. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ya kwashi iyalinsa ya tafi Yebi wajen surukansa, can yankin Boso, ya shiga layin masu jiran rabon abinci. Daga nan ya daina magana. In na kira, matarsa ce ke ɗauka, ta ce yana lafiya, yana gaishe ni. Na san bai aiko ta da gaisuwar ba, Allah ya saka mata da alheri. Shekara uku, abin da nake samu daga ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya shi ne rubutu a cikin wasa: "Aiko da itace." "Tsare ƙofar yamma." Akwai wani ɗigo kore da ke fitowa kusa da garin mutum in yana ciki. In na ga nasa, sai in ce alhamdu lillahi yana raye, in ci gaba da awo.

To sai masu wasan suka fito da ƙari, na kuɗi. Wanda ya saya za a ba shi gari na biyu a bakin wani babban kogi, da kwale-kwale, da masunta, da gonakin ban ruwa, da ambaliyar da ke zuwa kowace shekarar wasa, wadda sai ka yi jinga ka tare. Wanda bai saya ba yana iya leƙa garin abokinsa, amma ba ya iya taɓa komai.

Kai, kwana biyar salulata ba ta huta ba. Wanda ya fi kowa surutu ɗan baffanmu ne mai gyaran babur a Gagamari, mutumin da bakinsa ya fi hannunsa aiki.

"Jama'a, ku ji mini wauta," in ji shi a saƙon murya, ana jin ƙarar guduma a bayansa. "Ruwa ya cinye mu kyauta, ko dala bai karɓa ba. Yanzu kuma mu ciro kuɗi mu biya a sake cinye mu a waya?"

Malamin na Fulatari ya fi natsuwa. Ya ce ya karanta ra'ayoyin ƴan wasa na wasu ƙasashe da Faransanci. Wasu sun ce ƙarin ya farfaɗo da wasan da ya fara gundurarsu, wasu sun ce ambaliyar ta cika mugunta, an yi ta ne don ka ji haushi ka ƙara sayen kaya. Shawararsa a jira a ga ko farashi zai sauka. Wani ya ce shi kwale-kwalen kawai yake sha'awa. Wata ƙanwarmu ta ce rezon, wato sabis ɗin waya, da ke ɗauke mata sau goma a wuni ba zai iya ɗaukar kogi ba. Duk maganar hankali ce, ban musa ba.

Sai ga rubutun yayana, wanda bai taɓa sa baki a zauren ba: "Ranar da wani a cikinmu ya je bakin ruwan nan, na goge wasan."

Can ɗan baffanmu ya ce, "To, kun ji babba. An rufe magana." Kowa ya biyo baya, an rufe, an rufe.

Ni ban ce an rufe ba. Wallahi raina ya ɓaci. Na san abin da zan iya rasawa. In ya goge wasan, ɗigon koren nan ya tafi, sai dai in koma jin "yana gaishe ki" a bakin matarsa har ɗayanmu ya mutu. Amma na gaji. Shekara uku muna sanɗa kusa da mutumin nan kamar masu jinya, ba mai cewa kogi, ba mai cewa tattasai, ni da nake wuni da tattasai har cikin hanci. Gonar ta babanmu ce mu biyu. Ni ma na yi dashe a cikinta tun ban isa ɗaukar tulu ba. Wa ya ba shi ikon yin makoki shi kaɗai, har ya hana kowa ambaton ruwa?

Washegari da hantsi na je shagon mai sayar da kiridin waya, na miƙa masa salula da kuɗin, na ce ya biya mini. Sannan na rubuta a zaure: "Na saya. Mai son leƙe ya leƙa."

Gaskiya ɗaya, kogin yana da kyau a ido. Shuɗi, da ciyawa a gefe, da tsuntsaye. Ban taɓa ganin Komadugu shuɗi ba, amma na ce a bar wannan. Na shiga da gadara, don ni na san kogi. Kowa a kwarin nan ya san namu ba ya cika da ruwan saman da ke zuba a kanmu. Daga nesa yake tahowa, daga cikin Najeriya, a hankali. Sai damina ta tattara ta tafi, sama ta washe, an fara cin sabon hatsi, sannan ya kumbura ya hau gaɓa. Saboda haka da damina ta faɗi a cikin wasa, na tura duk ma'aikatana gona, na jibge dutse da itace a rumbu, ina jiran kaka in fara jinga. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka. A na uku kogin ya tashi ya shafe mini komai, gonaki, rumbuna, har bukkokin masunta. Da ruwan sama ya ɗauke, shi ma ya koma ya kwanta. Ashe nasu kogin da hadarin da ke kansa yake aiki.

Ɗan baffanmu ya ɗauki hoton garina a cikin ruwa ya watsa a zaure. "Ga gwanar kogi! Yaya ta sayi wanka da tsada!" Aka yi ta dariya. Malam ya ce da na karanta bayanin farko da na gani, an rubuta komai.

Na ce, "Haba Malam, ni za a karanta wa kogi? A bakinsa aka binne cibiyata."

Dariyarsu ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, ɗigon yayana ya mutu. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Garinsa yana nan ba mai kula, baƙi suna kwasar masa itace, sai da na tura mayaƙana suka tsaya a ƙofarsa. Mace ta ce in auna mata tiya biyu, in zuba mata uku ban sani ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa na ciro lambar matarsa don in ce ta ba shi haƙuri, sai in mayar da wayar cikin jaka. Haƙurin me? Ban kashe kowa ba.

A rana ta shida, ina sake share filin garin kogin, sai idona ya kai kan wani ɗan wuri a kusurwa da ke nuna waɗanda suka leƙo. Sunan garinsa yana nan. Jiya ya leƙo, shekaranjiya ya leƙo. Ashe ɗigonsa kawai ya ɓoye, bai goge komai ba. Yana shigowa ya tsaya a bakin ruwan ya fita.

Na ce to, madalla, tunda kallo kake so.

Wannan karon na bi ƙa'idar wasan. Tun kafin hadari ya haɗu na ɗaga jinga, miƙaƙƙiya kamar an ja zare, daidai kan leɓen gaɓa, yadda wasan ya fi ba da maki. Da babanmu ya ga irin wannan da ya tofar da yawu. Shi ja da baya yake yi, ya bar wa ruwa wurin zama, ya lanƙwasa jingar ta bi tudu. Ina sane na yi. Ruwa ya zo, ya daki jingata, ya koma. Wasan ya ba ni taurari uku. Na ɗauki hoto na sa a zaure, na rubuta: "Ashe jinga ba wuya."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ina ɗaure bakin buhu, wayata ta yi ƙara. Lambar Yebi. Na ɗauka da "wushe" a bakina, sannun Kanuri, don na zaci matarsa ce.

"Ke! Wa ya koya maki wannan shirmen?"

Muryarsa ce, da Kanuri, yaren da muke faɗa da shi tun muna yara. Ta dushe, ta tsufa. Na zauna a kan buhun.

"Wane shirme, Yaya? Ai ta riƙe."

"Ta riƙe don ruwan ƙarya ne! A kan leɓen gaɓa? Ruwan gaskiya ba ta sama yake zuwa ba, ta ƙasa yake ci. Kina tsaye a kai kina ganin lafiya, ashe cikin ya zama kunu."

"To ni ina na sani? Wanda ya sani ya yi shiru shekara uku."

Sai ya ce, "Haka tawa ta yi. Ta gabas, wajen tsamiyar. Da safe na zagaya ta, na taka ko'ina, ba tsaga ko ɗaya. Na tafi tayar da injin ban ruwa. Kafin azahar ta zauna."

Ya ce kwana biyu kafin nan ya ga ramin ɓera a wurin, ya toshe da buhu ɗaya ya wuce, alhali ya kamata ya tone har ƙasa. Ya ce da Baba ne da ya tone. Ya yi ta faɗa, ni ina ta hawaye, mata suna wucewa suna zaton yaji ne. Ban ce masa "ba laifinka ba ne" ba, don da na faɗa da ya kashe wayar. Na san halinsa, halina ne.

Na ce, "Baba ma ruwa ya ci shi sau biyu, ka manta? Shekarar da muka ci rama har muka tsane ta?"

Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ce ba. Kiridinsa ya ƙare, na kira shi da nawa, muka kai har kiran la'asar. Kafin ya ajiye ya tambaye ni ko gonar tana nan. Na ce tana nan, ƙaya ta rufe ta.

"Tsamiyar fa?"

"Tana tsaye."

Har yanzu ana tambaya a zaure, musamman sababbin shiga, ko ƙarin nan ya cancanci kuɗinsa. Ɗan baffanmu yakan riga kowa cewa a'a. Malam ya saya da farashi ya sauka, ya ce ba laifi. Ni in an matsa mini sai in faɗi gaskiya: ruwansa ƙarya ne, lokacinsa ƙarya, jingarsa ƙarya, ga cinye caji, mai son wasan kirki ya riƙe kuɗinsa. Sai su ce to ke me ya hana ki bari? In ce ba ruwanku.

Yayana bai saya ba, ya ce ba zai taɓa saye ba, kuma bai koma gona ba tukuna. Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci yana leƙa garina, sannan ya kira ya wanke ni tas a kan aikin da na yi. Ni kuwa duk ranar Alhamis nakan zauna a rumfa in gyara jingar da kyau, yadda Baba ya koya mana, sannan in je kusurwar gabas in cire buhu ɗaya.