Wendell, Sandar Tsintsiyata Ta Rasa Wanda Za Ta Yi Wa Faɗa

Ranar Talata, sha ɗaya ga Oktoba, 1994, ina feraye dankali jikana Lyle ya shigo bai ko goge takalminsa ba, ya ce, "Kaka, Wendell ya rasu." Motarka ce ta zame cikin ruwan sama a hanyar dawowa daga Olympia. Wendell Kivela, mawaƙin ƙungiyar Millrot, ka tafi ba ka kai talatin ba, ka bar tsohuwa irina tana cin tuwon duniya.

Jaridu sun ce kai ne muryar samarin zamani. Ni dai na san muryar tun tana kama da kukan ƙofar da ta yi tsatsa. A ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin kicin ɗin gidana na Hoquiam, kuka fara, kai da jita, Lyle da ganguna, Marnie da tata jitar mai gurnani kamar injin tsaga katako. Ranar farko na leƙo na ce, "Wa ake yankawa a nan?" Ka ɗago da gashin nan naka da bai san hanyar mataji ba, ka ce, "Waƙa ce, Kaka." Na ce, "To Allah ya ba ta lafiya."

Ka zo mini cikin sanyi da 'yar riga shara-shara, sai na buɗe akwatin marigayi maigidana na ba ka rigunansa na saran itace, masu ratsin ja da baƙi. Yau har a Tokyo yara na sayen irinsu a kanti. Wandonka kuwa, in na ɗinke gwiwar da safe, kafin yamma ka sake yage ta, wai haka ake yayi. Ja'iri. Amma duk hunturu kai ke faskara mini itace, ba wanda ya aike ka, ka kuma zauna ka shanye miyar kifina kana rantsuwa babu gishiri.

In hayaniyarku ta ishe ni, nakan daki daɓen kicin da sandar tsintsiya don ku yi shiru. Sai kuka mayar da dukan alamar farawa. Ina dukan daɓen, kuna ɓarkewa da kiɗa. Har ka naɗi sautin ka sa shi a farkon kaset ɗinku, dubban yara na tafa shi kafin ku hau dandamali, ba su san faɗa ba ne.

Yanzu gidan ya yi shiru har ina jin numfashin firij. Baƙin yara na zuwa su ajiye furanni a ƙofa, su ɓare mini fentin shinge su tafi da shi, ba mai shigowa shan kofi. Kamfanin da ke buga kaset ɗinku na so ya kwashe kayan kiɗan ya jera a bayan gilashi a Seattle. Lyle bai taɓa ganga ba tun ranar. Ya ce, "Kaka, ba Wendell, ba Millrot." Na ce, "Kai tafi can, dama kai ka fi shi damuna." Bai yi dariya ba.

Jiya na manta, na daki daɓen. Na tsaya riƙe da sandar ina jira.

Lyle, Marnie, na san za ku karanta wannan. Na rufe ɗakin ƙasa, makullin na aljihuna, ba mai ɗaukar ko igiyar jita. Ban ce ku nemo wani Wendell ba, babu shi. Ku zo ranar Asabar ku dame ni kawai. Miya na kan wuta, kuma wannan karon zan sa gishiri.

Allah ya jiƙanka, Wendell, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ka hana ni. Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka Lorraine da ƙanwarka Tess, ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.

Thelma Sorvik, Hoquiam