Wayar da na miƙe

A shekarun da albashi ya koma labari, ni ne mai sharar ɗakin kimiyya a sakandaren ƙauyenmu, kan hanyar Kunci. Karatuna a firamare ya tsaya, amma a ganina babu abin da ya fi ƙarfin kaina.

Akwai wani malamin wucin gadi, mai 'ya'ya huɗu, da ke jiran masu duba aiki su zo su kalli darasinsa, ko a tabbatar da shi ko a sallame shi. Makaranta ba littafi, ba hoto. Sai ya samo wayar tagulla, ya yi sati uku yana lanƙwasa ta. Wai siffar furotin ce, sinadarin nan mai gina jiki da ke cikin wake da ƙwai.

Wata rana ya kama ni ina dariya.

"Baba, lafiya?"

"Malam, na ga kana shan wahala ne. Kawo in warware maka."

"Ka rufa mini asiri. Furotin zare ne dogo, amma ba ya aiki sai ya naɗe daidai. Ka ga nan ya murɗe kamar igiya, nan kuma ya kwanta kamar tabarma? Kowane ɓangare da aikinsa. Da irin naɗin ake raba su gida-gida: masu murɗi, masu shimfiɗa, da masu haɗa biyun."

Na ce to. A raina na ce boko ya gama lalacewa, tunda har cukurkuɗaɗɗiyar waya ta yi dangi.

Ƙofar akurkina ta ɓalle, kaji uku suka rage mini, muzuru kuma ya gane hanya. Ran Juma'a da aka tashi, na ɗaga ƙyallen da malamin yake rufe wayar da shi, na tafi da ita gida, na miƙe ta tsaf da dutse, na ɗaure ƙofa. Ɗaurin ya yi kyau, wannan ko yau ba zan musa ba.

Ran Lahadi na ji masu dubawa gobe za su zo. Na kwance wayar, na zauna gindin ɗorawa na murɗe ta yadda ta samu. Ai waya ɗaya ce, tsawo ɗaya. Har lanƙwasa biyu na ƙara masa kyauta. Da sassafe na mayar da ita ƙarƙashin ƙyallen.

Ina tsaye bakin taga da tsintsiya lokacin da ya yaye ƙyallen a gaban aji. Babban cikin baƙin ya gyara tabarau.

"Malam, wannan a wane gida take?"

Malamin ya juya ta, ya sake juyawa. Ɗalibai suka fara ƙus-ƙus. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce, "Kuskurena ne, ranka ya daɗe."

Ba a tabbatar da shi ba. Da damina ta faɗi na hango shi yana ƙwadago a gonar gero ta wani, na sauya hanya. Ni kuwa na ci gaba da shara, har aka ba ni takardar yabo ta riƙon amana. Har malamin ya rasu ban taka ƙofar gidansa na nemi gafara ba.