Zumar da Na Sayo wa Baba

Mahaifina bai taɓa tashi daga kan kwanon tuwo ba sai ya rufe da zuma. Mai amya ne, gado ya yi. A ƙauyenmu, can ta wajen Kuyello, amyoyinsa na rataye a kan ɗorawa da kaɗanya har cikin dajin da ƙafar mace ba ta zuwa. In ya wanke hannu sai ya jawo ɗan tulun da ke kusurwar ɗaki, ya lakato da ɗan yatsa sau ɗaya, ya ce ciki ya ƙoshi, saura harshe. Ba ya ƙarawa. Daga nan ya saɓi gatari ya nufi daji, yawon yini guda ya ƙone abin da ya lasa.

Sai 'yan bindiga suka karɓe dajin. Muka tattaro komatsanmu muka dawo cikin Birnin Gwari, ɗaki biyu a gidan wani ɗan'uwa. Innarmu ba ta daɗe ba ta rasu, ni kuma aurena ya mutu, don haka girkin Baba ya dawo hannuna. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Uwata.

Mutumin da ya saba da hawan itace ya koma zaman tabarma a ƙofar gida. Amya ta tafi, amma sabo turken wawa, harshen nan bai san an yi gudun hijira ba. Da an gama cin abinci sai ya fara waige-waige. Yau alewa, gobe shayi mai cokalin suga huɗu, jibi lemon kwalba da wani ya miƙo masa don girmamawa. Shekara ta kewayo ya fara ramewa, ga ƙishirwa, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. A asibiti aka ce ciwon suga ne.

Wata nas ce ta zaunar da ni, doguwa, ba ta da fara'a ko kaɗan, amma gaskiya ta faɗa mini. Ta ce kwaɗayin zaƙi bayan abinci ba yunwa ba ne, sabo ne, kuma in aka daure na ɗan lokaci yana wucewa da kansa. In rage masa tuwo, in yawaita miyar ganye da wake, in ya gama ya yi asuwaki nan take ya tashi ya taka ƙafa. Ta kuma ja mini kunne a kan ƙafafunsa, ta ce ko ƙaya ce ta soke shi kada a yi wasa, don ciwon mai suga ba ya warkewa da wuri. A ƙarshe ta ce ko zuma ma kada a ba shi. Wannan ta ƙarshe ce na ji da kunne ɗaya.

Wata uku na riƙe dokar. In ya suɗe hannu sai in miƙa masa asuwaki da yalo biyu, in ce masa liman na jiransa, ya taka zuwa masallacin da ke can ƙarshen layi maimakon na kusa. Yakan kalli yalon kamar an ba shi maganin zazzaɓi, ya ce ashe haka ake rama reno. Ya yi fushi, ya yi kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Amma jikinsa ya dawo, har awon sugan da ake yi masa ya sauka.

Abin da ya karya ni bakin mutane ne. Masu zuwa dubiya suna shigowa da gwangwanin madara da kwalin suga, in na ɓoye su ce na hana tsoho abin da aka kawo masa. Goggona, ƙanwar Baba, ta tare ni a tsakar gida ta ce wace irin 'ya ce ke ba uba yalo kamar akuya. Ta ce zuma ai ba suga ba ce, waraka ce, kowa ya san haka, kuma mutumin da ya yi shekara arba'in yana shan zuma lafiya lau ba wata 'yar boko ce za ta raba shi da ita ba. Maganar ta shige ni, domin abin da nake so in ji ke nan. Na gaji da ganin idonsa yana bin hannuna.

Ranar kasuwa na sayo zuma cike da gorar ruwa, ja wur, mai kauri. Mai sayarwar har rantsuwa ya yi cewa daga daji ta fito, ban kuma tsaya na tambayi kaina wa ke shiga dajin yanzu ba. Bayan tuwon rana na ajiye ta gaban Baba ina ta murna. Ya lakata, ya sa a baki, ya dubi gorar. Sai ya ce Allah ya yi mini albarka. Daga ranar cokali ya maye gurbin yatsa, ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama uku, ni kuwa gora na ƙarewa ina sayo wata, a zatona magani nake ba shi.

Da damina ya taka tsohuwar ƙusa a bakin rariya. Ɗan ciwo ne, bai kai ƙwayar wake ba. Muka shafa masa zumar nan ma a kai, don haka aka saba. Sati uku ƙafar ta yi baƙi ta fara wari. Muka bi jerin motocin da sojoji ke rakawa zuwa Kaduna, ƙafarsa a kan cinyata, kowa na addu'a a kowace kwanar hanya. A can suka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Bayan mun dawo wani tsohon abokin sana'arsa, wanda shi ma ya baro amyoyinsa a Gayam, ya zo duba shi. Ya ga gorar a kan taga, ya buɗe ya shinshina, ya ɗiga a kofin ruwa. Nan take ta narke, alhali ta gaske zuwa ƙasa take yi ta kwanta. Ya ce wannan ko ƙudan zuma ɗaya bai taɓa ganinta ba, suga ce aka dafa aka ƙona. Ya dubi Baba, Baba ya dubi bango.

Da baƙon ya tafi na durƙusa a bakin gadon.

"Baba, kai ma ba ka gane ba?"

"Tun lasar farko na gane, Uwata. Ni za a gaya wa zuma?"

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, da kin daina kawowa."

Har yau ban san wa nake jin haushi ba. Wata rana mai sayarwar ne, wata rana Goggo, wadda ta ce ƙaddara ce, ta koma gidanta, wata rana waɗanda suka raba shi da dajinsa. Akasari dai kaina ne, ni da aka gaya wa gaskiya a fili na zaɓi wadda ta fi daɗi.

Baba na nan da ransa. Yanzu babu zuwa masallacin ƙarshen layi, babu ƙafar da za ta kai shi. In ya gama cin abinci har yanzu yakan juya ya kalli tagar nan, ya ce, a hankali, ko ɗan kaɗan ne. Nakan ce babu, in miƙa masa yalo, in ɗauke kwanon in fita kafin ya sake tambaya.