Rigar Mamaci Mai Ƙanshin Kanumfari

Mun tashi daga Kura da asuba, ana sallame salla muka nufi tasha, mu uku: ni, da ɗana, da 'yarsa ta fari wadda ke ajin ƙarshe a sakandare. Kano za mu. Makarantarsu ce za ta kara da wata ta Tarauni a shari'ar gwaji, wato a shirya zaure kamar kotu, yara su zama lauyoyi da shaidu, a kawo alƙali na gaske ya saurara. Tun da sojoji suka koma bariki a bana, makarantu suka farfaɗo da irin wannan. Shari'ar kisan kai aka ba su: manoma biyu sun yi rigima kan rabon ruwan noman rani, aka tsinci ɗaya a gona an soke shi. Jikata ce lauyar gwamnati, ita aka ɗora wa haɗa kayan shaida.

Yarinyar nan aikin lauya take so ta karanta, ubanta ya ce sam. Yana da dalili. A zamanin soja an taɓa kwashe su shi da wasu a tasha aka kulle, ya yi makonni a ciki, aka sako shi ba wanda ya tambaye shi ko sunansa. Tun daga nan shari'a a wurinsa wasan manya ce, ba zai zuba guminsa a kanta ba. Tafiyar ma ba don ransa ya so ba, ni na ce sai ya raka mu. Ga shi 'yar fari ce, kunya ba ta barinsa ya kama sunanta, balle ya yabe ta. Iyakarsa "ke" ko "yarinyar nan".

Haɗa kayan shaidar ya ba mu wuya. Wuƙa ba ta gagara ba, ta layyata na bayar. Taswirar gonar ita ta zana da hannunta. Rigar mamaci ce aka rasa. Duk gidan da ta shiga aro, da an ji riga za ta zama ta wanda aka kashe, sai a ce a kai kasuwa, ba a yi wa mai rai wannan fata. Na ɗauko tsohuwar taguwata na ce ajali ba a saƙa shi cikin zare. Amma da aka zo maganar jini na ƙi na mahauta, don najasa ne, ni kuwa zan riƙe jakar kayan, zan yi salla a hanya. Aka sa kakarta ta dafa zoɓo mai kauri. Ita kuwa tun da take ba ta taɓa dafa zoɓo gaya ba. Ta zuba citta, ta zuba kanumfari, kamar na suna. Aka huda taguwar a ƙirji, aka tsoma, aka shanya, ta bushe ta yi baƙi-baƙi, ni da kaina da na gani sai da gabana ya faɗi.

Motar ƙaramar bas ce, ta cika har da kwandunan tumatir a baya. Mulki ya sauya amma kuɗin mota yana nan inda soja ya bar shi. Gari ya waye mana a Karfi, mata da yara sun jera masara da albasa a bakin titi, gonakin shinkafa kore shar har iyakar gani. Fasinjoji kuwa kowa ya zama ɗan siyasa. Wanda a bara ba ya iya ambaton gwamna sai ya waiga, yau yana tsara wa shugaban ƙasa yadda zai yi da man fetur.

Muna tsallake gadar Tamburawa muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani saje mai furfura ya leƙo, ya ce kowa ya buɗe kayansa. Sai a lokacin na tuna abin da ke kan cinyata. Babu ɗayanmu da ya yi tunanin yadda riga mai jini da wuƙa za su kasance a idon wanda bai san labari ba. Sajen ya zuge jakar, ya ɗago taguwar, wuƙa ta bayyana a ƙasa. Na dubi ɗana, na ga leɓensa ya bushe.

Sajen ya miƙa hannu, sai jikata ta ce, "Yallaɓai, don Allah kada ka taɓa wuƙar da hannu. Shaida ce."

"Shaidar me?"

"Kisan kai."

Wata tsohuwa a baya ta saki salati. Direba ya ce shi wallahi a tasha ya ɗauke mu, bai san mu ba. Yarinyar ba ta ko ƙifta ido ba. Ta yi bayanin gasar daki-daki, sannan ta ce, "In kana shakka, yallaɓai, shinshina."

Ya kai rigar hanci. Ya sake kaiwa. Ya dube ni ya ce, "Baba, wannan mamacin naku da citta aka yi shi?"

Dariya ta ɓarke har da tsohuwar. Ya zaro hankicinsa ya ɗaga wuƙar da shi, ya duba, ya mayar. Jikata ta sa ubanta ya zuge jakar da hannunsa a gaban kowa, ta ce daga nan shi zai riƙe. Ya karɓa ya ɗora a cinyarsa.

Muka wuce Na'ibawa, ƙanshin lemo da abarba ya cika motar, muka sauka a Unguwa Uku. Daga nan tasi muka shiga zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, inda malamarsu ta kwana da sauran ɗalibai a gidan 'yar uwarta. Unguwar ta cika ta batse tun zuwana na ƙarshe, shaguna sun haɗe da juna, 'yan acaɓa kamar fara. A wajen titin kotu na ga lauyoyi na gaske cikin baƙaƙen kwat, rana na dukansu, suna sauri da takardu a hammata. Jikata ta bi su da ido har suka ɓace.

A gidan aka ƙarasa aiki. Kowane abu aka sa shi cikin ledarsa, aka ɗaura masa alama. Na rubuta wa taguwata "shaida ta ɗaya" da ajami, jikata ta ce, "Tsoho, alƙalin nan ba a zaure ya yi karatu ba," ta sake rubutawa da boko a ƙasa. Na ce ai mamacin ne ya sa hannu a kayansa. Aka kawo mana ƙosai da kunun gyaɗa, na ci na yi hamdala.

Makarantar Tarauni babba ce, da bishiyoyin darbejiya a harabar. Kafin a shiga, iyaye suka zauna a inuwa, ni kuwa bakina bai iya riƙe labari mai daɗi ba. Na ba su na shingen Tamburawa tun daga fari, ana ta dariya. Ashe wata yarinya da ke tsaye kusa, 'yar mutanen kudu haifaffiyar Kano, Hausarta ta fi tawa santsi, ita ce lauyar wanda ake tuhuma.

Alƙalin tsohon majistare ne mai ritaya. Da turanci ake yi, wani ma'aikaci da ke gefena yana fassara mini. Jikata ta kira shaidunta, ta baje taswira, ta nuna inda ruwa ya rabu da inda gawa ta kwanta. Da ta ɗaga taguwar aka yi gunaguni a zauren. Sai lauyar wanda ake tuhuma ta miƙe ta ce ba ta yarda a karɓi kayan ba. An buɗe jakar a hanya, wani ya sa hannu, wa ya san ko an musanya wuƙar? Ta ce da kunnenta ta ji daga bakin kakan lauya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In aka jefar da riga da wuƙa, shari'a ta rushe.

Jikata ta miƙe. Sannan ta roƙi kotu ta ba ta izinin kiran wanda ya riƙe jakar. Alƙali ya ce ba ya cikin tsari, amma yana so ya ji.

Ɗana ya fita kamar mai tafiya kan ƙaya. Alƙali ya juya zuwa Hausa, ya ce, "Malam, mene ne sunanka?" Ya faɗa. Aka rubuta. "Zauna in ka gaji. Faɗi abin da ka gani, ba mai katse ka." Na ga ɗana ya ɗago kai ya dubi alƙalin nan da kyau. 'Yarsa ta yi masa tambayoyi, ya amsa: da hankici aka ɗaga wuƙar, a gabansa aka mayar, shi ya zuge, jakar ba ta bar hannunsa ba sai a gaban malama. Ɗaya lauyar ta taso masa ta nan ta can, ta ce ko ya yi gyangyaɗi a tasi. Ya ce, "'Yata, wanda ya ga abin da na gani a Tamburawa ba ya gyangyaɗi." Zaure ya kwashe da dariya, alƙali ya buga tebur yana murmushi, ya ce an karɓi shaida.

Bayan azahar aka yanke hukunci: laifi ya tabbata, Kura ta yi nasara. Yaron da ya zama mai kisa ya fi kowa tsalle, don ɗan makarantar Kura ne aka ara. Yaran biyu lauyoyi suka rungume juna, alƙali ya yaba musu duka.

La'asar sakaliya muka kamo hanyar gida. A Na'ibawa ɗana ya sauka ya sayo abarba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Wani fasinja ya tambaye shi ina aka fito da 'yar makaranta. Ya ce kotu. Sannan ya juya, ya miƙa mata jakar, ya ce, "Lauya, karɓi kayanki."

Muka isa Kura ana kiran magariba. Abin da na koyo a tafiyar nan, mutumin da aka zalunta ba a gyara masa zuciya da wa'azi, sai ya zauna inda aka tambaye shi kuma aka saurara. Na kuma koyi riƙe bakina a inuwar darbejiya. Taguwar tawa an wanke, jan bai fita duka ba, da ita na yi sallar asuba yau, tana ta ƙanshin kanumfari. Alhamdu lillahi.